KUNNEN ƘARFE: SHIN NA'URA ZA TA IYA GANE BINDIGA DAGA ƘARARTA?



Waɗanda suka halarci taronmu na bayan Babbar Salla za su tuna da baƙon nan da ya zo da takarda mai hotuna. Ya ce yana da wata na'ura da za a ɗaura a kan dogon ƙarfe a tike ko a zango, da an harba bindiga za ta ji, ta faɗi inda aka yi harbin, ta faɗi irin bindigar, sannan ta aika da saƙo wayar shugabanni kafin ƙiftawar ido. Ya nemi ƙungiya ta sa wani abu a kan kowane sa da aka sayar har kuɗin ya taru. Nan take wuri ya kaure. Wasu suka ce a biya yau-yau, ai rai ya fi dukiya. Wasu suka ce wannan cinikin biri a sama ne. A ƙarshe dattawa suka ce a dakata, a ba masu wannan shafi lokaci su bi diddigin maganar. To, mun bi, ga kuma abin da muka samo.

Tun farko mu faɗa, na'urar ba tatsuniya ba ce. Akwai ta, ana kuma aiki da ita a ƙasashe da dama. Sai dai cikin alkawura huɗu da baƙon ya yi, biyu ne suka tsaya da ƙafafunsu, wato ji da gano wuri. Na ukun, faɗin irin bindiga, ɗingishi yake yi. Na huɗun kuwa ya rataya ne ga abin da sau da yawa ba mu da shi a daji.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ba labarin ƙarar bindiga ake ba shi ba. A shekarun 1990 zargina ne suka addabi hanyoyin arewacin Kamaru da kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya, suna tare fatake ranar kasuwa, daga baya suka koma sace 'ya'yan makiyaya don a sayar da shanu a fanshe su. Su ne dalilin da ya sa Kamaru ta kafa rundunar BIR a 2001. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum, suka kashe mutane fiye da 30. Daga wajen 2017 kuwa iyakar Maraɗi da Nijeriya, wajajen Madarunfa da Gidan Rumji, ta shiga cikin masifar satar shanu da satar mutane.

Kowane tsohon falke yana taƙama da kunnensa, amma bari mu ba da labarin kanmu. Wata shekara da rani mun kwana a daji da garke, muna kan hanyar kasuwa. Can tsakar dare sai muka ji ƙara daga nesa, sau uku ko huɗu. Babban mai korarmu, wanda ya yi shekara talatin a kan hanya, ya ce adaka ce ta maharba. Wani yaro da ya taɓa faɗawa hannun 'yan fashi ya rantse kalashi ce. Na ukunmu ya ce ai salansar mota ce a kan titi. Tsoro ya yi rinjaye, muka tashi garken cikin duhu, shanu biyu suka ɓace, ɗaya ta karye. Da gari ya waye muka ji ashe wani ƙauye ne ake biki, maharba na ta buga bindigar toka. Tsohon ne ya canka. Amma wata tafiyar, shi wannan tsohon ya ce mana mu kwantar da hankali tayar mota ce ta fashe, ashe wata ruga ake kwashewa kusa da mu. Kunne ɗaya ne, ran nan ya yi daidai, ran nan ya yi kuskure.

HARBI ƊAYA, ƘARA BIYU

Kafin a gane aikin na'urar sai an san abin da take saurare. Sauti tafiya yake yi, kuma an san saurinsa: kimanin mita 340 a sakan ɗaya, wato kilomita guda cikin sakan 3. In rana ta ƙwalle yakan ɗan ƙara, ya kai 350. Shi ya sa akan ga walƙiya kafin a ji tsawa. Haka nan in mutum ya ga hasken harbi da dare, ya ƙirga sakan 3 kafin ya ji ƙara, to mai harbin na wajen kilomita ɗaya daga gare shi.

Bindigar yaƙi ƙara biyu take yi, ko da yake kunne yakan haɗa su. Ta farko ita ce ta bakin bindiga, lokacin da albarushi ya kama, iska mai zafi ta fito da ƙarfi. Wannan ita ce “dum” ko “tum” ɗin da ke bazuwa ko'ina. Ta biyu ta harsashin ce shi kansa. Masu kora sun san ƙarar bulala in an kaɗa ta a iska. Ba wani abu ta daka ba, bakinta ne ya wuce saurin sauti, iska ta tsage, ta yi “tas”. To, haka harsashi yake yi. Na AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 715 a sakan, ninki biyu na saurin sauti ke nan. Na G3 da FAL ya fi haka, mita 800 ko sama.

Tun da harsashi ya fi sauti gudu, wanda aka harbo wajensa “tas” zai fara ji, sannan “dum” ta biyo baya. Wanda ke bayan mai harbi kuwa “dum” kaɗai zai ji. Wannan ilmi ne da ya kamata kowane yaron kora ya sani. In ka ji “tas” a kanka, harsashi ya riga ya wuce ta kusa da kai, sai ka kwanta ƙasa, ka nemi tudu ko rami ko katangar ƙasa mai kauri. Katakon jikin tirela ba ya tare harsashin bindigar yaƙi.

Tazarar da ke tsakanin “tas” da “dum” ita ke nuna nisa. In ta yi tsawo mai harbi na nesa, in ta gajarta yana kusa. An ga amfanin wannan lissafi a 2022, lokacin da aka harbe 'yar jaridar Aljazira, Shirin Abu Akleh, a garin Jenin na Falasɗinu. Wani masanin sauti na jami'ar jihar Montana ta Amurka, Robert Maher, ya saurari hoton bidiyon da aka ɗauka a wurin, ya auna tazarar, ya ga kusan sulusin sakan ce, ya ƙiyasta cewa mai harbin na tsakanin mita 175 zuwa 200 daga inda aka ɗauki sautin. A lura, nisa ya faɗa. Kuma kafin ya yi lissafin sai da ya ɗora shi a kan saurin irin harsashin da ake zaton an harba.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, galibi ba ta yin “tas” ɗin nan, sai dai ruri mai nauyi da hayaƙi. Ƙaramar bindigar aljihu kuma harsashinta na tafiya ne kusa da saurin sauti, wani ya ɗan wuce, wani ya gaza.

DAGA INA DABARAR TA FITO?

Ta girmi kowa a cikinmu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila sun sa wani matashin masani, Lawrence Bragg, wanda ya sami kyautar Nobel a 1915 yana ɗan shekara 25, ya nemo musu hanyar gano inda Jamusawa suka ɓoye igwoginsu. Shi da abokan aikinsa suka jera makirfo da dama a bayan fagen daga, nesa da juna, suna rubuta lokacin da ƙarar igwa ta iso kowanne. Daga bambancin lokacin suke zana wurin a taswira.

A 1992 wani masanin girgizar ƙasa a Kalifoniya, John Lahr, ya gaji da jin harbi daga wani gari maƙwabcinsu, sai ya gwada irin lissafin da suke gano cibiyar girgizar ƙasa da shi, ya ga yana aiki ga ƙarar bindiga. A 1996 aka kafa kamfanin ShotSpotter a can Kalifoniya, wanda ya mai da abin kasuwanci, yana sayar wa 'yan sandan birane. A 2023 ya sauya suna zuwa SoundThinking, a lokacin yana cewa birane fiye da 150 ne ke aiki da kayansa. A nahiyarmu birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya gwada shi a unguwannin da 'yan daba suka yi ƙaurin suna, an kuma gwada shi a gandun dajin Kruger saboda masu kashe karkanda.

Sojoji ma suna da nasu. Faransawa sun ƙera wata na'ura mai suna PILAR a shekarun 1990 saboda maharban ɓoye na birnin Sarayebo. Amurkawa suka fito da Boomerang a lokacin yaƙin Iraƙi, wajen 2004, makirfo 7 a kan sanda guda a bisa mota. Irin waɗannan na soja “tas” da “dum” suke haɗawa su nuna wa soja ta ina aka harbo shi.

YADDA TAKE GANO WURI

A ce an kafa kunnuwa huɗu a kusurwoyin tike, kowanne da agogon da tauraron ɗan'adam ke daidaita masa. Aka yi harbi daga gabas. Kunnen gabas ne zai fara ji, na yamma ya ji daga baya. In na yamma ya fi nisa da mita 340, zai makara da sakan ɗaya daidai. Kwamfuta ta tattara waɗannan lokuta ta fitar da wuri ɗaya tak da zai iya ba da wannan bambanci. Ana bukatar aƙalla kunnuwa 3 su ji, in an sami 4 ko fiye ya fi. Kamfanin da muka ambata yakan kafa wajen 15 zuwa 25 a kowace murabba'in mil, wato kimanin murabba'in kilomita biyu da rabi, yana kuma alkawarin gano kashi 90 cikin 100 na harbin da aka yi a fili, cikin mita 25.

Wannan sashe lissafi ne tsantsa, kuma a fili irin namu, inda babu dogayen benaye masu mai da amsa-kuwwa, ya fi sauƙi. Amma a lura da kyau: kunne ɗaya a kan ƙarfe ɗaya mai makirfo ɗaya ba ya gano wuri. Zai dai ce ya ji wani abu.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba. A tsarin na Amurka, bayan kwamfuta ta ce harbi ne, akwai ma'aikata zaune dare da rana a wani ɗaki da ke sake sauraren sautin su tabbatar, kafin a aika wa 'yan sanda, duk cikin kimanin minti ɗaya. Dalili kuwa shi ne kwamfuta na ruɗewa da nokawut ɗin yara, da salansar babur, da fashewar taya. Yanzu a tuna tikenmu ranar kasuwa: ƙofar tirela na bugawa, bulala na tashi, ana dukan sa da sanda a kan katakon lodi, tsofaffin motoci na tari.

WACE BINDIGA CE?

Nan ne maganar baƙonmu ta fara ɗingishi. Akwai abin da sauti ke iya nunawa, akwai wanda ba ya iyawa.

Yana iya raba manyan dangi. Adaka daban, bindigar farauta mai harsashin gwangwani daban, bindigar yaƙi daban. Yana iya nuna ko ɗai-ɗai ake harbi ko ɓarin wuta. AK-47 in an sake ta tana zubar da harsashi 600 a minti, wato 10 a sakan, gidan harsashinta mai cin 30 zai ƙare cikin sakan 3. G3 da FAL 20 suke ci. In aka ji wuta ta zarce haka ba tsayawa, to da alama mai jigida ce, irin PKM, wadda jigidarta ke ɗaukar 100 ko fiye. Haka nan in ƙara na tasowa daga wurare biyu ko uku, na'ura za ta nuna maharban sun fi ɗaya. Wannan labari ne mai amfani ga jandarmomi, don su san da ƙarfin da za su fito.

Daga nan kuma sai wuya. Ƙarar bakin bindiga ba ta wuce wani ɗan mitsitsin yanki na sakan, kuma binciken irin su Maher ya nuna cewa bindiga ɗaya tana ba da sauti daban-daban gwargwadon inda mai saurare ya tsaya, a gabanta ne, a gefe ne, ko a baya. Nisa ma na cinye kaifin sauti ya bar nauyinsa, shi ya sa daga nesa duk bindigogi suke komawa “dum” iri ɗaya. Iska na kai sauti gaba ko ta danne shi. Da dare, lokacin da ƙasa ta yi sanyi, yana tafiya nesa fiye da tsakar rana. Dutse da kwari da katanga suna mai da shi ya dawo, harbi ɗaya ya zama kamar biyu.

Masu bincike a jami'o'i suna koya wa kwamfuta rarrabe bindigogi ta hanyar ba ta dubban sautuka ta saurara, abin da yanzu ake kira ƙirƙirarriyar basira. A filin gwaji, inda nisa ɗaya ne, makirfo ɗaya ne, sakamakon yakan yi kyau ƙwarai. Da an canza wuri ko na'urar ɗauka sai ya ragu. Kamar yaron da ya san muryar shanun gidansu ne aka kai shi tike aka ce ya rarrabe na mutane.

Babban abin lura kuwa shi ne wannan. An ƙera AK a Rasha, an ƙera a Sin, da Romaniya, da Bulgeriya, da Masar, duk harsashi iri ɗaya suke ci. G3 da FAL su ma harsashinsu ɗaya ne. Irin bindigar da ke hannun soja ita ce a hannun ɗan fashi, ita ce a hannun ɗan sa-kai, sau da yawa ma daga hannun wannan ta koma hannun wancan. Saboda haka ko da na'ura ta ce AK ce, ba ta faɗi wanda ya ja kunama ba. Mun sha ji a zango ana cewa, “Ai daga ƙarar na gane, ta su wane ce.” A kan irin wannan magana an ƙone rugage, an tare bayin Allah a kasuwa. Zato zunubi ne, in kuma aka ba shi takarda daga kwamfuta sai ya ƙara ƙarfi a bakin mutane.

DARASI DAGA SHIKAGO

Birnin Shikago na Amurka yana cikin waɗanda suka fi kashe kuɗi a kan wannan tsari. A watan Agusta na 2021 ofishin babban mai binciken birnin ya fitar da rahoto. Ya duba saƙonni 50,176 da na'urar ta aika wa 'yan sanda daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021, ya ga kashi 9 cikin 100 ne kawai aka rubuta cewa an tarar da shaidar laifin bindiga. Kamfanin ya kare kansa da cewa rashin samun shaida ba ya nufin ba a yi harbi ba, mai harbi na iya gudu, kwanso na iya ɓata. Wannan ma gaskiya ce. Magoya bayan tsarin kuma suka ce yana sa a kai ga wanda aka harba da wuri ko da ba wanda ya kira. Duk da haka birnin ya daina aiki da shi a watan Satumba na 2024.

A birnin dai, wani dattijo ya yi kusan shekara guda a tsare bisa zargin kisa, kuma rahoton na'urar na cikin manyan hujjojin da aka dogara da su. A 2021 aka kori ƙarar saboda hujja ba ta isa ba. Wannan fa a ƙasar da ke da lauyoyi da 'yan jarida masu bin diddigi ke nan.

Sai maganar kuɗi. Kamfanin ba sayar da kayan yake yi ba, haya yake bayarwa. A rahotannin farkon shekarun 2020 kuɗin na kamawa daga dalar Amurka 65,000 zuwa 90,000 a shekara a kan kowace murabba'in mil. Ƙaramin cikinsu ya kai wajen sefa miliyan 35 ko fiye. Kowa ya ƙiyasta bijimi nawa ke nan, kowace shekara, don fili guda. In wani ya zo da mai araha sosai ya ce aikinsu ɗaya, sai a tambaye shi me aka rage.

DARASI DAGA KORUP

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kamaru, a gandun dajin Korup da ke kudu maso yamma, kan iyaka da Nijeriya. Daga 2013 masu bincike suka rataya na'urorin ɗaukar sauti 12 a kan itatuwa don ƙirga harbin masu farautar sata. Waɗannan ba sa aika saƙo. Ɗauka kawai suke yi, bayan wasu watanni a je a kwaso, kwamfuta ta tsamo abin da ya yi kama da harbi, mutum ya tabbatar. Da haka aka gane mafi yawan harbin da dare ake yi, kuma yana ƙaruwa duk lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Da hukumar dajin ta ga haka, sai a ƙarshen 2015 ta ninka sintiri sau uku zuwa biyar. Na'urorin suka ci gaba da saurare, suka nuna harbin bai ragu ba. Ba don su ba, da an rubuta rahoto mai daɗi cewa an yi sintiri kaza, an taka kilomita kaza, aka tafa. A ganinmu wannan shi ne amfani mafi girma da irin wannan kaya zai yi wa mutane irinmu: shaida mai kwanan wata da lokaci, wadda ba ta tsoron kowa.

Irin waɗannan na ɗauka kawai ba su da tsada. Akwai wata ƙarama mai suna AudioMoth da masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila suka ƙera, ba ta kai tafin hannu ba, batir 3 irin na rediyo take ci, an kuma gwada ta wajen jin harbi a dazukan ƙasar Beliz.

TO, MU FA?

Dukiyarmu tafiya take yi. Daga Abalak ko Badagishiri zuwa Illela, daga Masaget ko Durbali a ƙetare Logon zuwa Bogo da Adumri, a wuce Mubi, ɗaruruwan kilomita ne. Ba mai iya jera wa burtali kunnuwa. Inda abin zai yiwu shi ne wuraren da ba sa motsi: tike, wurin lodi, zangon kwana, babbar mashaya.

Sannan saƙo sai da rezo. Wurin da ya fi haɗari shi ne wurin da waya ba ta kamawa. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Na'urar da ke jiran rezo a irin wannan lokaci kurma ce.

In ma saƙon ya isa, wa zai zo? A birnin Amurka motar 'yan sanda na kan titi na gaba. Mu kuwa barikin jandarma na iya zama tafiyar awa guda ko biyu, wani lokaci ba mai a mota, wani lokaci kuma harbin a ƙetaren iyaka ne, inda ba su da ikon shiga. Ƙararrawar da ba mai amsa ta, kuɗinta asara ce.

SHAWARARMU GA ƘUNGIYA

Ba mu ce a kori baƙo ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma kafin a taɓa aljihun kowa, a sa shi ya amsa waɗannan a rubuce:

1. Kunne nawa zai kafa, fili nawa za su rufe, kuma a wace kasuwa ko gari kayan nasa ke aiki yanzu, don mu tura mutanenmu su gani?

2. Wa ke tabbatar da sauti kafin a aika saƙo, mutum ko kwamfuta kaɗai?

3. Zai yarda a gwada wata guda kyauta, har da ranakun kasuwa, mu ƙirga sau nawa ta yi kukan ƙarya?

4. In rezo ya ɗauke, ko ƙurar hunturu ta rufe faifan sola, me zai faru? Wa zai gyara, daga wane gari, da kuɗin wa?

5. Makirfo ba harbi kaɗai yake ji ba. A tike ana ciniki, ana faɗin wanda ya karɓi kuɗi da hanyar da zai bi. Ina sautin ke zuwa, wa ke iya saurarensa?

6. Yana da izinin hukuma? Kada a kafa komai sai da sanin mahukuntan yankin da jami'an tsaro, a kuma yi yarjejeniya da su tun farko kan wanda za a kira da abin da zai yi.

Kafin nan akwai abin da za mu fara ba da ko dala ba. Kowane reshe ya buɗe littafi. Duk wanda ya ji harbi a hanya ya zo ya rubuta rana, da lokaci, da wuri, da yawan harbin, ɗai-ɗai ne ko ɓari, ya ji “tas” ko bai ji ba. Kada a rubuta sunan ƙabila ko na mutum sai wanda aka gani da ido. Cikin shekara guda za mu san wace hanya ce ke zafi, a wane wata, a wane dare na mako, mu kai wa hukuma a rubuce maimakon koke-koken baki.

In kuma wayar wani ta ɗauki sautin harbi, ya adana shi yadda yake a cikin wayar da ta ɗauka, ya tuna daidai inda yake tsaye. Turawa ta WhatsApp na matse sauti ta rage masa inganci. Amma don Allah kada wani ya tsaya ɗaukar sauti ana wuta, ko ya bi ƙara don ya ga abin da ke faruwa.

Za a sake tayar da maganar a taro mai zuwa. Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman yaran kora, don su ne ke kwana a daji. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani ya aiko wa wannan shafi ta hannun sakataren reshensu.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu a hanya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Amin.